Tirelar jirgin ruwana ta yi min lilo a kan titi, ina matsalar take?

Sabon Mai Jirgi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga harkar nan, don abin da ya same ni ranar Asabar har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Jirgina ƙarami ne, tsawonsa mita 5 da rabi, da inji ɗaya maƙale a baya. Na ɗora shi a tirelarsa, na ɗaure, na kama hanya. Muddin ina tafiya kilomita 60 zuwa 70 a awa, lafiya lau. Da na hau babban titi na kai wajen 90, ga 'yar gangara, sai wata babbar mota ta zo ta wuce ni. Iskar da ta kwaso ta bugi jirgin, na duba madubi na ga bayansa ya tafi hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Bayan motar ma ya fara bin sa, kamar wani ya kama ta yana jijjigawa. Na taka birki da ƙarfi, abin ya ƙara muni. Ƙanena da ke gefena salati kawai yake yi. Allah ya tsare, na samu na gangara gefen titi na tsaya, ƙafafuna suna rawa. Na zagaya na duba, taya ba ta fashe ba, igiya ba ta kwance ba. To mene ne ya jawo? Ba na so in sake hawa titi da shi sai na gane.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗana. Kafin in ce komai, amsa min tambaya ɗaya. Lokacin da ka zo haɗa tirelar da mota, da hannu ka ɗaga wuyanta ka ɗora a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, ko sai da ka sa jak? Kuma me da me ke cikin jirgin, a ina ka ajiye su?

Sabon Mai Jirgi:
Da hannu ɗaya ma na ɗaga, Baba, ba nauyi ko kaɗan. Har daɗi na ji. Kaya kuwa jarkoki biyu na fetur, da batir, da kula cike da ƙanƙara, duk a baya kusa da inji na jera su don su yi sauƙin ɗauka.

Tsohon Direba:
To ka ba kanka amsa. Wannan rashin nauyin da ka ji daɗinsa, shi ne ya so ya kifar da ku. Tirela tana tafiya daidai ne idan nauyinta ya ɗan rinjaya gaba, wuyanta yana danna ƙwallon da ke bayan mota. In nauyin ya koma bayan tayoyinta, to ta zama lilo, iska kaɗan ko rami ɗaya ya ishe ta ta fara kaɗa wutsiya. Jirgin ruwa kuma dama can haka aka yi shi, abin da ya fi komai nauyi a jikinsa, wato inji, yana can ƙarshen baya. Kai kuma ka ƙara masa fetur da batir da ƙanƙara. Babbar motar nan ba ita ta kawo matsalar ba, tono ta kawai ta yi. Tun a gida ka ɗauko ta.

Ɗan Hanya:
Baba ya yi gaskiya a kan kaya, amma ni kuskuren da na gani shi ne birkin da ka taka. Idan tirela ta fara rawa, totur ake ba ta. Ka ƙara wuta, motar ta ja ta, sai ta miƙe kamar igiya. Ni na yi haka sau biyu kuma ta tsaya.

Malamar Lissafi:
Malam Ɗan Hanya, don Allah kada mu ba sabon shiga wannan shawarar. Gudu ne ke ciyar da lilon nan. Kowace mota da tirelarta suna da wani mizanin gudu, in kana ƙasa da shi ko tirela ta kaɗa za ta lafa da kanta, in ka haura shi kowace kaɗawa sai ta haifi wadda ta fi ta. Shi ɗan'uwanmu ya faɗa da bakinsa, a 70 lafiya, a 90 ta tashi. Ke nan mizaninsa yana tsakani. Yanzu ka ce ya kai 100 ko 110 a kan gangara? Ko da ta miƙe na ɗan lokaci, dole ya dawo ya ratsa ta wurin da ta fara, kuma idan ba ta miƙe ba, haɗarin zai same shi yana gudun da ya fi na farko.

Ɗan Hanya:
Malama, lissafi daban, titi daban. Na ce miki na gwada.

Tsohon Direba:
Ka gwada ka tsira, mun gode wa Allah. Amma tsira sau biyu ba hujja ba ce, ɗan'uwa. Mai yiwuwa motarka mai nauyi ce da ƙarfin inji, tirelar kuma ƙarama, kuma lilon bai yi nisa ba. Ni abin da na sani kuma nake yi shi ne, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari da hannu biyu ka miƙar da shi, kada ka bi tirelar kana murzawa hagu da dama. Hannunka ba zai taɓa yin daidai da ita ba, kullum a makare kake, sai ka ƙara mata ƙarfi. Kada ka danne birki. Ka bar gudu ya sauka da kansa har ta natsu, sannan ka nemi wuri ka tsaya. Wanda tirelarsa ke da birkin lantarki mai maɓalli a gaban direba, yana iya matsa birkin tirelar ita kaɗai, wannan kam yana miƙar da ita don ta baya ake jan ta. Sai dai yawancin tirelolin jirgin ruwa ba irin wannan birkin gare su ba.

Sabon Mai Jirgi:
Na fahimta. To nauyin da ya kamata ya sauka a wuyan, nawa ne? Kuma yaya zan auna?

Malamar Lissafi:
A tirelar jirgin ruwa, abin da aka fi ba da shawara shi ne tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dukkan nauyin, wato jirgi da inji da kaya da ita kanta tirelar. A tirelolin ɗaukar kaya na yau da kullum akan ce 10 zuwa 15. Idan duka nauyinka kilo 1,000 ne, wuyan ya danna da kilo 50 zuwa 100. Aunawa ba wuya. Ka sami sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa, ka ajiye a ƙasa mai daidai, ka yanko katako ka tsayar a kansa yadda wuyan tirelar zai zauna daidai tsayin da yake zama a bayan mota. Tsayin nan yana da muhimmanci, in ka auna wuya yana ƙasa ko yana sama, adadin zai canja. Ka sa weji a tayoyi tukuna.

Amma dole ka san dukkan nauyin, kuma kada ka dogara da abin da ke rubuce a takardar jirgi, don sau da yawa nauyin gangar jikin ne kawai, babu mai, babu batir, wani lokaci ma babu inji. Litar fetur ɗaya tana kusan kilo 0.75, ke nan lita 100 kusan kilo 75 ne. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya cif. In aka yi ruwan sama jirgi yana buɗe, ruwan da zurfinsa santimita 1 ne kacal a kan murabba'in mita ɗaya kilo 10 ne, kuma baya yake taruwa, yana kai-komo duk sanda ka juya. Shi ya sa ake cire toshiyar ramin zubar da ruwa kafin a hau titi. Ka je inda ake auna manyan motoci ka ɗora tirelar da kayanta cikakku, sau ɗaya ya ishe ka.

Bakanike:
Ku bari in shigo da nawa, don ni abin da ake kawo min ba lilo ba ne, boris ne. Cikin tirelolin jirgin ruwa da na taɓa kwancewa, da wuya in buɗe ƙafa in tarar da giris mai kyau. Dalilin kuwa a fili yake. Ka yi tafiyar awa biyu, cibiyar taya ta ɗauki zafi. Kana isowa ka tura tirela cikin ruwa mai sanyi. Iskar da ke cikin cibiyar ta tsuke nan take, sai ta zuƙo ruwa ta gefen robar sil. Ka koma gida ka ajiye tirela wata biyu, ruwan nan yana kwance a kan boris yana cin sa da tsatsa. In ruwan gishiri ne abin ya fi sauri.

Akwai wadda aka jawo min kwanakin baya. Da na cire marfin, abin da ya zubo ba giris ba ne, wani ruwa ne fari-fari kamar madara, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki yana ƙyalli. 'Ya'yan boris ɗin sun koma shuɗi don zafi, zoben cikin ya manne da aksil sai da muka yanke shi. Mai ita ya ce ƙara kawai ya ji, sai ya ga hayaƙi a madubi. Da ya ƙara kilomita kaɗan, tayar za ta fice ta bar shi.

Don haka in ka isa bakin ruwa, kada ka yi gaggawa. Ka ba ƙafafun minti 15 zuwa 20 su huce, lokacin kana kwance igiyoyi kana mayar da toshiya. A hanya kuma duk inda ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, ko ba ka iya ajiye hannu, kada ka ci gaba. A gida ka ɗaga ƙafar da jak, ka juya ta ka saurara, ka kama sama da ƙasa ka girgiza. Gurnani ko ƙwas-ƙwas, a kwance a duba. Aƙalla sau ɗaya a shekara a wanke a sake giris, kuma ka riƙa tafiya da boris na ko-ta-kwana da sil ɗinsa.

Mai Ƙugiya:
Oga Bakanike, Allah ya saka. Ni taya ce ta taɓa cin amanata, kuma zanenta sabo fil. Ashe tayar tirela ba cinyewa take ba, tsufa take. Tana zaune a rana wata da watanni, gefenta yana tsattsagewa. Ku duba jikin taya, inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Tawa da ta fashe ta haura shekara takwas ban sani ba. Yanzu in ta kai biyar zuwa shida ina canjawa ko zanen yana nan. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, har da sifeya. Taya mai ƙarancin iska ita ma tana kawo lilo, don gefenta yana lanƙwashewa.

Ɗan Hanya:
Wannan kam na yarda. Amma maganar gudu fa, nawa ne daidai? Don wasu sai su riƙa rarrafe a titi suna tare wa mutane hanya.

Malamar Lissafi:
Kowace ƙasa da dokarta, sai kowa ya duba tasa. A Ingila mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a awa a manyan tituna, wato kusan kilomita 96, a titi mai falle ɗaya kuwa mil 50, kusan kilomita 80. A Jamus 80 ne, sai wanda aka duba tirelarsa aka ba shi izinin 100. A ƙasashen Turai tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Abin da nake so a riƙe shi ne tazarar tsayawa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ta ninka sau huɗu. Daga 80 zuwa 100 kawai, ta ƙaru da fiye da rabi. Ga kuma tan guda yana turo ka ta baya. Ka bar aƙalla daƙiƙa 4 tsakaninka da na gabanka, in ana ruwa ka ƙara. Wanda ya gaji da bin ka, ka sami wuri ka ba shi hanya.

Tsohon Direba:
A gangara kuma ka sauko da giya tun kana sama, inji ya riƙe maka. In ka kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa daidai lokacin da kake nemansa. A kwana ka buɗe, don tayoyin tirela ba sa bin sawun na mota, ciki suke yankowa.

Ɗana, bari in tambaye ka wani abu. Da me ka ɗaure jirgin?

Sabon Mai Jirgi:
Da igiyar winci ta gaba, Baba, wadda ake jawo shi da ita. Na ɗame ta sosai. Sai wata igiya da na zagaya ta tsakiya.

Tsohon Direba:
Bai isa ba. Winci na jawo jirgi ne, ba na riƙe shi a titi ba. Haƙorin da ke tare shi ɗan ƙarfe ne guda, in ya zame shi ke nan. Goshin jirgi yana buƙatar sarƙa ta daban daga zoben gaba zuwa jikin tirela, kuma ta ja ƙasa, don in ka yi birkin gaggawa kada jirgi ya hau kan sandar winci ya shigo maka ta gilashin baya. Baya kuma bel biyu, ɗaya a kowane gefe, daga zobban bayan jirgi zuwa ƙarfen tirela, a ɗame har jirgi da tirela su zama abu ɗaya. In bayan jirgi yana tsalle a kan tirela duk sanda ka faɗa rami, shi ma yana tayar da lilo. Bayan tafiyar kilomita 10 zuwa 15 ka tsaya ka sake ɗamewa, don bel yana saki. Inji kuma a ɗaga shi a tokare, kada ƙafarsa ta bugi ƙasa. Duk abin da iska za ta iya ɗauka, rigar ruwa, bokiti, tamfol da bai ɗauru ba, a cire ko a ɗaure. Kuma babu mai zama cikin jirgi ana jan sa, babba ko yaro.

Bakanike:
A ƙara da ƙwallon. Ba girma ɗaya suke ba. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka akwai inci 1 7/8, da inci 2, da 2 5/16. In bakin tirela na inci 2 ne ka ɗora a kan ƙwallon 1 7/8, zai zauna, zai kulle, ido ba zai gane ba, amma rami ɗaya zai fitar da shi. Girman yana rubuce a kan ƙwallon da kuma bakin tirela, a karanta. In ka kulle ka sa fil, sai ka murza jak ɗin tirela sama. In bayan mota ya fara ɗagowa tare da ita, ta kama. In bakin ya rabu da ƙwallo, gara ka gani a tsakar gida.

Mai Ƙugiya:
Sarƙoƙin nan biyu da ke haɗa wuyan tirela da mota fa, ni a miƙe nake sa su, kowace a gefenta. Wani ya ce min kuskure ne.

Bakanike:
Gicciya su ake yi a ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta tafi dama, ta dama ta tafi hagu. In bakin ya fice, wuyan zai faɗa a kansu su tallafe shi, maimakon ya caki kwalta tirela ta wuntsila. Ka bar musu sakin da zai ishe ka shan kwana, amma kada su ja ƙasa, kwalta tana cinye sarƙa. In tirelar tana da siririyar wayar da ke jan birki idan ta rabu da mota, a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba. Fitilu kuma a sa wani ya tsaya a baya, birki, sigina hagu, sigina dama. Masu tsohon ƙwan fitila su zare waya kafin su shiga ruwa, ƙwai mai zafi yana fashewa in ya taɓa ruwan sanyi.

Sabon Mai Jirgi:
Jama'a na gode ƙwarai. Saura ribas. Ranar nan sai da na yi ta gwadawa kafin in saita gangaren sauke jirgi, mutane suna jira.

Mai Ƙugiya:
Yaya, sa hannunka a ƙasan sitiyari. Inda kake so bayan tirela ya tafi, can za ka kai hannun. Kaɗan-kaɗan, ba murzawa da yawa ba. In ta fara naɗewa, kada ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Ka je fili babu kowa, ka jera jarkoki ka yi ta koyo, ba a fafe gora ranar tafiya. A gangaren kuma ka kula da gansakuka, santsinta ya fi sabulu, kada tayoyin bayan mota su shiga cikinta in da hali. Kada ka kwance winci da sarƙar goshi sai bayan jirgi ya shiga ruwa, musamman in tirelarka mai rola ce, don na ga jirgi ya sulale ya zauna a kan siminti. Ka sauke gilasai, kowa ya fita daga motar, in za ka sauka ka ja birkin hannu ka sa weji.

Sabon Mai Jirgi:
Na dawo da labari. Na kai tirelar sikeli da kayanta yadda suke ranar nan, kilo 1,180. Littafin motata ya ce tana jan 1,500 in tirela na da birki, kuma ƙwallon yana ɗaukar har kilo 100, to nan ban wuce ba. Sai na auna wuya yadda Malama ta ce. Kilo 30. Ko kashi 3 bai kai ba. Na tsaya ina kallon sikelin nan, na tuna da ƙanena a gefena ranar.

Na kwashe jarkokin da kular na mayar gaban tayoyi na ɗaure, ya hau 58. Muka sassauta notocin sandar winci muka matsar da ita gaba santimita 10, muka jawo jirgin, ya kai 80. Na sayi bel biyu na baya da sarƙar goshi. Jiya da sassafe na fita titi babu motoci, na hau 60, 70, 80, tana biye da ni ko motsi babu. A 80 na tsaya, ban da niyyar wucewa.

Oga Bakanike, da na tsaya na taɓa ƙafafun, ta dama ta fi ta hagu ɗumi, ba zafin ƙuna ba amma akwai bambanci. Kuma in ina ribas zuwa sama sai in ji tirelar ta cije.

Bakanike:
Cijewar ta birkinta ce. Irin naka yana kamawa ne idan tirela ta turo mota, to a ribas kan tudu mota ce ke tura ta, shi kuwa bai san bambanci ba. Duba gefen wuyan, akwai ɗan fil ko maƙulli da ake sawa lokacin ribas, ka tabbata ka cire shi kafin ka hau titi. Ƙafar dama kuwa ko boris ne ko birkin ne bai saki sosai ba. Kada ka kai ta ruwa tukuna. Ɗaga ta da jak yau, juya ta da hannu, ka gaya min ko tana juyawa sakayau ko tana gurnani, in kuma ka cire marfin ka faɗa min launin giris ɗin.